Da a Ce Dakarun Biyafara Sun Wuce Ore a 1967: Tambayoyi da Amsoshi

Ba a cika daɗewa ana hirar yaƙin basasar Najeriya ba sai wani ya ce ai da Banjo, kwamandan dakarun Biyafara da suka nufi Legas, bai yi zaman Benin ba, da Legas ta faɗi, da kuma tarihin ƙasar nan ya canza. Wannan shafi ya tattara tambayoyin da aka fi yi a kan wannan batu. Inda muka kawo rana da wuri da suna, abin da ya faru ne. Inda muka ce "da a ce", hasashe ne da muka gina a kan hanya da gada da yawan dakaru da siyasar lokacin.

Me ya faru a Ore?

Da asubahin 9 ga Agusta 1967, wata guda da kwana uku da fara yaƙi, ayarin motocin dakarun Biyafara ya haye gadar Kogin Neja daga Anaca zuwa Asaba, ƙarƙashin Victor Banjo, wani hafsa Bayarabe. Kafin faɗuwar rana sun shiga Benin, babban birnin Jihar Tsakiyar Yamma, kusan ba tare da an yi musu turjiya ba. Daga nan suka rabu uku: wasu suka yi kudu wajen Sapele da Warri, wasu suka yi arewa ta Auchi har suka taɓa Okene, babban ɓangaren kuma ya nufi yamma. Wajen 20 ga Agusta ne wannan ɓangare ya kai Ore, wani gari a mararrabar hanya wanda yau yake Jihar Ondo, kimanin kilomita 200 daga Legas. A nan tafiyar ta tsaya. An gwabza sosai a Ore da kewayenta, har yau Yarbawa suna buga misali da zafin wannan faɗa. Cikin Satumba dakarun Biyafara suka ja da baya, ranar 20 ga wata kuma Runduna ta Biyu ta Kanar Murtala Muhammad ta shiga Benin.

Me ya sa Ojukwu, shugaban Biyafara, ya tura mayaƙa yamma alhali ana cin garuruwansa a gida?

Saboda ana cin su ɗin. Faɗa ya fara ranar 6 ga Yuli a Gakem, kusa da Ogoja. Kafin tsakiyar watan Ogoja da Nsukka sun faɗa hannun Runduna ta Ɗaya ta Muhammadu Shuwa, kuma daga Nsukka zuwa Inugu, hedikwatar Biyafara, tafiya ce ƙanƙanuwa. A ƙarshen Yuli Benjamin Adekunle, wani kwamandan sojojin tarayya, ya sauka ta ruwa a Bonny, tashar da ake lodin ɗanyen mai. An fara matse Biyafara ta sama da ta ƙasa ke nan.

Lissafin Ojukwu shi ne, kusan duk sojojin tarayya masu horo suna bakin dagar Nsukka da Ogoja, yamma kuwa a buɗe take. Idan ya yi barazana ga Legas, dole Gowon ya janye mutane daga hanyar Inugu. Idan kuma Yarbawa suka ga ɗansu a gaban runduna suka mara masa baya, to kudu ta haɗe kai ke nan, an bar Arewa ita kaɗai. Dabarar ba ta wauta ba ce. Matsalarta ita ce ta dogara ga abubuwa biyu da ba sa hannun Ojukwu, wato saurin tafiya da ra'ayin Yarbawa.

Ta yaya jiha sukutum ta faɗi cikin yini guda?

Bayan juyin mulkin Yuli 1966 an amince kowane soja ya koma yankinsa na asali. Wannan ya sa sojojin da ke Benin 'yan jihar ne, kuma yawancin manyan hafsoshinsu, har da kwamandansu Conrad Nwawo, 'yan ɓangaren jihar ne masu jin harshen Ibo. Gwamna David Ejoor, ɗan ƙabilar Urhobo, ya sha faɗin cewa ba ya son jiharsa ta zama fagen fama, don haka babu dakarun Arewa a ciki. Da ayarin ya iso, babu wanda ya ba da umarnin harbi. Ejoor ya sulale ya ɓuya, daga baya ya isa Legas.

Wannan sauƙin ya yaudari mutane da yawa, a lokacin da ma yanzu. Ana ɗauka rundunar da ta ci jiha a yini ɗaya ƙaƙƙarfa ce, alhali ba a gwada ta ba tukuna.

To me ya zaunar da su a Benin?

Rigimar wa zai mulki jihar, da kuma sunan wa ake yaƙin. Banjo yana ganin kansa a matsayin ɗan Najeriya mai jagorantar rundunar 'yantarwa, kuma haka ya nuna a jawabinsa na rediyo daga Benin. Yana son a naɗa wanda ba Ibo ba a kan jihar, don mutanen Edo da Urhobo da Itsekiri da Ijo kada su ɗauki abin a matsayin mamaya. Ojukwu kuwa yana son nasa. Aka yi ta kai da kawo tsakanin Benin da Inugu, a ƙarshe aka naɗa Manjo Albert Okonkwo, likitan soja, Ibo ɗan jihar. Kwanakin farko, waɗanda su ne mafiya tsada, a wannan jayayya suka tafi. Tsakanin Benin da Ore bai fi kilomita ɗari da 'yan kai ba, amma sai da aka kwashe kusan kwana goma sha ɗaya kafin a kai.

Da a ce ba su tsaya ba ko na yini ɗaya, za su isa Legas?

Zai yiwu ƙwarai wasu motocinsu su kai Ijebu Ode, ko ma Shagamu, ranar 10 ko 11 ga Agusta. A wannan lokaci babu Runduna ta Biyu, ba a ma kafa ta ba, kuma sojojin da ke Badun kaɗan ne. Amma a duba abin da tafiyar take buƙata.

Hanyar guda ce, mai hannu ɗaya, ta ratsa kurmi mai duhu. Ba wannan tagwayen titi na yanzu ba ne. Daga Ore zuwa Ijebu Ode tana haye koguna irin su Oluwa da Oni da Shasha da Osun, kowanne da gadarsa siririya. Ko da yake ruwan sama kan ɗan tsagaita a wannan yanki cikin Agusta, ƙasa a jiƙe take, koguna kuma a cike. Babbar mota ba ta iya sauka daga kwalta ta zagaya. Saboda haka mutum goma da akwatin nakiya sun isa su tsayar da runduna a bakin gada, kuma abin da sojojin tarayya suka yi ke nan da suka sami sarari: suka fasa gadoji a gaban maharan. Gyaran gadar da aka fasa yana son injiniyoyi da ƙarafan gadar wucin gadi, ga kuma masu tsare su daga harbin da ke fitowa daga ɗaya gaɓar. Rundunar Banjo ba ta zo da irin wannan shiri ba.

Sai batun ɗaukar kaya. A ɗauki misalin mutum dubu ɗaya kawai. Idan kowace babbar mota za ta ɗauki talatin, ana buƙatar fiye da mota talatin don mutane zalla. Idan aka ba kowa harsashi ɗari, harsashi dubu ɗari ke nan, nauyin wajen tan biyu da rabi, kuma sabon soja da bai iya riƙe hannunsa ba yana iya ƙarar da ɗari cikin 'yan mintuna. Ga abinci, ga mai, ga masu rauni da za a mayar baya a kan wannan hanya ɗaya da ake shigo da kaya. Ayarin mota ɗari, idan aka bar tazarar mita hamsin tsakanin kowace biyu, tsawonsa kilomita biyar ne. Mota ɗaya ta mutu a kan gada, duk na bayanta sun tsaya. Motocin kuwa galibi na farar hula ne da aka ƙwace, manyan motocin kasuwa da na fasinja, ba masu sulke ba. Asalin ma'ajiyar makamai kuma tana can Inugu, bayan Kogin Neja, kilomita ɗaruruwa a baya.

Ra'ayinmu shi ne, da sun yi sammako, da sun fi haka kusantar Legas nesa ba kusa ba, wataƙila ma su iske gadojin farko ba a taɓa su ba. Amma kowane kilomita da suka ƙara, sai igiyar da ke ciyar da su ta ƙara tsawo ta ƙara sirancewa, su kuma masu tsaron suna ƙara matsowa kusa da ma'ajiyarsu.

A ce sun iso bakin Legas. Za su iya kama ta?

Nan ne hasashen ya fi rauni. A 1967 babu babbar hanyar Legas zuwa Badun da aka sani yanzu, sai a 1978 aka buɗe ta. Mai zuwa daga gabas zai bi Shagamu ne ya gangaro Ikorodu, sannan ya ratsa fadama da ƙananan gadoji kafin ya shigo gari. A gefen damansa akwai barikin Ikeja da filin jirgin sama. A can kudu akwai tashar jiragen ruwa ta Apapa da sojojin ruwa, waɗanda suka tsaya tare da gwamnatin tarayya. Gowon kansa yana Barikin Dodan, a tsibiri, kuma gadar Carter ce mashigar mota daga babban yanki zuwa tsibirin Legas. Sojojin da ke gadin birnin, da yawansu 'yan Arewa ne waɗanda suka yi juyin mulkin Yuli 1966 ko suka gan shi da idonsu. Ba irin na Benin ba ne da za su buɗe ƙofa, domin sun san abin da miƙa wuya zai jawo musu.

Bataliya ɗaya ko biyu ta sababbin ɗauka, a gajiye, da ƙarancin harsashi, ba ta cin birni irin wannan da ƙarfin bindiga. Hanya ɗaya ce Legas za ta faɗi: a firgita daga ciki, wasu sojoji su juya baya, gwamnati ta watse kafin a yi faɗan. Wannan kuwa ba a hannun Banjo yake ba.

Da sun bi ta Badun fa?

Daga Ore akwai hanyar da ta yi arewa zuwa Ondo da Ife, ta faɗa Badun. Ta fuskar soja wannan ya fi ma'ana fiye da yadda ake zato, domin layin dogo daga Legas zuwa Kano ta Badun yake bi. Wanda ya riƙe Badun ya raba Legas da Arewa. Banjo ya san haka, shi ya sa ya nemi a buɗe masa hanya ta lalama. Wole Soyinka ya kai saƙonsa ga Olusegun Obasanjo, wanda yake kwamandan sojojin Badun a lokacin, Obasanjo kuma ya ƙi. Soyinka ya sha ɗaurin kusan shekara biyu bayan wannan kai da kawo. Idan ana neman wuri ɗaya da tarihi zai iya karkata, wannan amsa ta Obasanjo ta fi zaman Benin nauyi.

Ba Awolowo ya ce idan Gabas ta fita Yamma ma za ta fita ba?

Ya faɗi magana mai kama da haka a Badun ranar 1 ga Mayu 1967, da sharaɗin idan aka bar Gabas ta ɓalle. Ya kuma nemi a kwashe sojojin Arewa daga Yamma. Mutanen Ojukwu sun riƙe wannan magana da hannu biyu. Amma tsakanin Mayu da Agusta abubuwa sun canza. Ranar 27 ga Mayu Gowon ya ƙirƙiro jihohi 12, ya raba Arewa gida shida, abin da ya rage wa Yarbawa tsoron danniyar yanki ɗaya. A watan Yuni Awolowo ya karɓi muƙamin kwamishinan kuɗi kuma mataimakin shugaban majalisar zartarwa ta tarayya. Gwamnan Yamma, Adeyinka Adebayo, yana tare da Legas. Da dakarun Biyafara suka taka ƙasar Yarbawa a Ore, sai Awolowo ya fito fili ya kira mutanensa su tare su, matasan Yamma kuma suka shiga soja da yawa.

Akwai kuma abin da ya fito daga Inugu kanta. Wasiƙar da Ojukwu ya rubuta wa Banjo cikin Agusta ta nuna cewa ko da an ci Yamma, Banjo zai yi mulki ne da izinin Biyafara, dakarunta kuma su zauna har sai Ojukwu ya ga dama. Da wuya shugabannin Yarbawa su bar kujerar da suke kai a Legas su karɓi wannan.

Banjo maci amana ne, kamar yadda aka zarge shi?

Kotun Biyafara haka ta ce. Kwanaki kaɗan bayan faɗuwar Benin aka harbe shi a Inugu tare da Emmanuel Ifeajuna da Philip Alale da Sam Agbam, bisa zargin shirya kifar da Ojukwu. Abin da yake a fili shi ne, tun ranar farko Banjo da Ojukwu ba yaƙi ɗaya suke yi ba. Ojukwu yana son ceton Biyafara. Banjo, wanda aka tsare bayan juyin mulkin Janairu 1966 kuma Ojukwu ya sake shi daga kurkuku a Gabas, yana son sake fasalin Najeriya ɗaya ba tare da Gowon ba. Bai so ya shiga ƙasar iyayensa da wuta, yana jiran a gayyace shi. Kwamandan da yake jiran gayyata ba zai yi tafiyar sammako ba, saboda haka tambayar "da bai tsaya ba" tana nufin a canza mutumin gaba ɗaya. Idan kuma aka sa hafsa Ibo a madadinsa, an sami sauri amma an rasa dalilin da zai sa wani Bayarabe ya buɗe ƙofa.

Kashe su ya bar wa Biyafara ciwon da bai warke ba har ƙarshen yaƙi. Duk garin da ya faɗi sai a ce 'yan zagon ƙasa ne, hafsoshi masu horo suka riƙa tsoron ja da baya ko da dabara ta buƙaci haka.

A ce duk da haka Legas ta faɗi. Me zai sami Arewa?

Wannan ce tambayar da ta fi shafar mu, kuma ba a cika yin ta ba. Arewa ba ta da teku. Layin dogo biyu ne suke kai kayanta bakin ruwa: na gabas da ke bi ta Makurɗi da Inugu zuwa Fatakwal, da na yamma da ke bi ta Jebba da Ilori da Badun zuwa Legas. Na gabas ya riga ya yanke. Saura ɗaya. Gyaɗar da ake tarawa dala-dala a Kano, da auduga, da fatu, da kuzar Jos, duk ta Apapa suke fita. Matatar mai guda da ƙasar take da ita tana kusa da Fatakwal, a hannun Biyafara, saboda haka man fetur ɗin da ake sha a Kaduna da wanda motocin Shuwa suke ƙonawa a hanyar Inugu, ta Legas yake shigowa. Manyan makamai ma haka. Da an rufe wannan ƙofa ko na wata biyu, da Runduna ta Ɗaya ta tsaya cik, da kuma manomin gyaɗa ya ji a jikinsa a kakar wannan shekara, don hukumar sayen amfanin gona ba za ta sayi abin da ba ta da hanyar fitarwa ba.

Amma faɗuwar Legas ba ita ce ƙarshen yaƙi ba. Mafi yawan mayaƙan tarayya suna arewacin Biyafara, ba a taɓa su ba. Kaduna tana da barikoki da gidan rediyo mai ƙarfi da ma'aikatan mulki, filin jirgin Kano kuma yana karɓar manyan jirage daga waje. Ta Kano ne ma jiragen yaƙin da aka samo daga Tarayyar Sobiyat suka iso a cikin wannan wata na Agusta. Abin da ya fi yiwuwa shi ne gwamnati ta koma Kaduna, a tara runduna a Ilori da Jebba, a sake gangarowa. Yaƙin da zai biyo baya zai kasance a cikin garuruwan Yarbawa masu cunkoso.

Akwai hanya ta biyu da ba za a kore ta ba. Shekara guda kacal kafin nan, a Yuli 1966, kiran "a raba" ya yi ƙarfi a tsakanin sojojin Arewa, Murtala na cikin masu wannan ra'ayi a lokacin. Da kudu ta haɗe a kan Arewa, wannan kira zai iya dawowa. Sai dai sabbin jihohi sun riga sun canza lissafi. Tibi da Angas da Birom da Idoma da sauran ƙabilun da suka cika sahun sojojin ƙasa sun sami jiharsu ta Binuwai da Filato a cikin Najeriya, ba su da sha'awar komawa ƙarƙashin tsohuwar Jihar Arewa mai cin gashin kanta. Gowon kansa daga cikinsu ya fito. A ganinmu, da an kai ga rabuwa a wannan hali, ba gida biyu ko uku za a tsaya ba.

Ƙasashen waje za su juya wa Gowon baya?

A watannin farko Ingila tana taka-tsantsan, tana duban inda man Shell da BP yake. Kusan kashi biyu bisa uku na man ƙasar a Gabas ake haƙo shi, sauran a Tsakiyar Yamma, don haka a tsakiyar Agusta 1967 kusan duk rijiyoyin kan tudu suna bayan layin Biyafara. Da wannan hali ya daɗe, kuma Legas tana rawa, da matsin lambar a zauna a sasanta ya ƙaru ƙwarai. Kada a manta babu ƙasar da ta amince da Biyafara sai a Afrilu 1968, lokacin da Tanzaniya ta fara, Gabon da Kwaddibuwa da Zambiya suka biyo. Taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Kinshasa, cikin Satumba 1967, ya goyi bayan Najeriya ɗaya, ya kafa kwamiti ƙarƙashin Sarki Haile Selassie wanda ya haɗa da Diori Hamani na Nijar da Ahmadu Ahidjo na Kamaru. An yi wannan taro ne lokacin da maharan suke ja da baya. Da a ce suna Ikorodu a ranar, da wuya matsayar ta fito da wannan ƙarfi.

Da Ojukwu bai kai harin ba sam, da ya fi masa?

Muna ganin da ya fi masa, ko da yake ba zai ba shi nasara ba. Kafin 9 ga Agusta Gowon yana kiran abin ɗan aikin ladabtarwa irin na 'yan sanda. Bayan harin ya shelanta cikakken yaƙi. Aka kira tsofaffin sojoji, har da waɗanda suka yi yaƙin Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, aka buɗe ɗaukar sababbi. Rundunar da ba ta wuce mutum dubu goma ba kafin rikici ta kai wajen dubu 250 a ƙarshen yaƙi. Tsakiyar Yamma, wadda take katanga ce ga Biyafara ta yamma ba tare da an kashe ko sisi ba, ta zama sabuwar bakin daga, mutanenta da suka ɗanɗani mamaya suka koma abokan gaba. Makamai da mutanen da aka zuba a hanyar Ore kuma ba su hana komai ba a gida, domin Inugu ta faɗi ranar 4 ga Oktoba, Kalaba ta biyo baya a cikin watan.

Ta ɓangaren tarayya fa, akwai irin wannan "da a ce"?

Akwai, kuma ta fi ta Ore ƙarfin hujja. Murtala yana da shekara 28, hafsan sadarwa ne, aka ba shi rundunar da aka harhaɗa cikin gaggawa daga akawuna da direbobi da masu dafa abinci da tsofaffin soja da sababbin ɗauka. Da ita ya gangaro ta Okene da Auchi ya faɗo wa Benin ta arewa, abin da ya sa waɗanda ke Ore suka ga za a datse musu hanyar gida. Wannan aiki ne na gwani. Kwana ɗaya kafin shigarsa Benin, Okonkwo ya shelanta Jamhuriyar Benin, wadda ba ta kwana biyu ba.

A Asaba ne lissafi ya ɓace. Masu ja da baya sun fasa gadar Neja. Hedikwatar soja ta ba da shawarar a hau arewa a haye kogin ta Idah, inda gaɓar gabas take hannun tarayya, sannan a gangaro ta ƙasa. Murtala ya zaɓi ya haye kai tsaye zuwa Anaca da jiragen fito, a wurin da faɗin kogin ya wuce kilomita guda, abokan gaba kuma suna kallo daga tudu. A yunƙurin farko cikin Oktoba dakarun sun shiga garin, amma ba su kafa tsaro a bakin ruwa ba, taimako bai iso a kan lokaci ba, aka mayar musu da hari aka tura su kogi. Aka sake gwadawa har sau biyu, duk asara. Daga ƙarshe ta Idah ɗin aka bi, Anaca ta faɗi ranar 21 ga Maris 1968, kwana goma bayan haka kuma aka ƙone ayarin kayan rundunar a kwanton ɓaunar Abagana, bayan da wuta ta kama tankar mai a tsakiyar jerin motoci.

Da a ce an bi ta Idah tun Oktoba, lokacin da Inugu ta faɗi kuma rundunar Biyafara take a rikice da zargin juna, da Anaca za ta iya faɗuwa watanni kafin lokacin da ta faɗi. Waɗannan watanni su ne Biyafara ta yi amfani da su ta sake shiri, ta ƙera nata makamai, ta kuma kai ga 1968, shekarar da Faransa ta fara taimaka mata kuma yunwa ta fara kashe yara da yawan gaske.

Me wannan kai da kawo ya jawo wa farar hula?

Jini, ta kowane ɓangare. Da dakarun Biyafara suka shigo, an kashe 'yan Arewa mazauna wasu garuruwan jihar, mutanen da kasuwanci ya kai su can, ana kallon abin a matsayin ramuwar kisan da aka yi wa dubban 'yan ƙabilar Ibo a garuruwan Arewa a 1966. Da suka ja da baya, aka far wa Ibo mazauna Benin da Warri da Sapele. Ranar 7 ga Oktoba 1967, a unguwar Ogbe-Osowa ta Asaba, sojojin Runduna ta Biyu suka ware maza da samari daga cikin taron da ya fito nuna goyon baya ga Najeriya ɗaya, suka buɗe musu wuta. Ɗaruruwa ne suka mutu a ranar da kwanakin da ke kewaye da ita. Labarin Asaba ya zama babbar hujjar da Biyafara take gaya wa mutanenta cewa miƙa wuya mutuwa ce, kuma yana cikin abin da ya sa aka ci gaba da faɗa har 15 ga Janairu 1970. Duk mai hasashen shigar dakarun Biyafara Badun ko Legas, ya sa wannan a lissafinsa, domin akwai dubban Hausawa a unguwar Sabo ta Badun da Agege da Idi Araba, akwai kuma Ibo da suka rage a Legas, kuma dukkansu a tsakiyar wutar za su kasance.